Confinement: yadda kalmar iyakar gona ta ƙare a gidan yari da ɗakin maijego

A sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya an rubuta cewa ba a yarda a sa mace aiki ba a cikin makonni shida da suka biyo bayan "confinement" ɗinta. Wanda ya san kalmar nan daga labaran kotu da na gidan yari kaɗai zai ɗauka ana maganar matar da aka tsare ne aka sako. Alhali haihuwa ake nufi. Da wannan kalmar Bature yake kiran keɓe fursuna shi kaɗai a ɗaki, da ita Faransawa suka kira zaman gidan da aka tilasta musu lokacin korona, injiniyan da ke kula da tankunan mai ma yana da nasa aikin da yake sa ta. Ƙamus zai ba ka "tsarewa" ya yi shiru, ka ɗora ta a jimla ka ga ta ƙi zama.

Rikicin yana warwarewa ne idan aka koma tushe, domin a can babu maganar kwaɗo ko sarƙa ko mai gadi. Maganar iyaka ce.

A harshen Latin na Rumawa, "finis" na nufin iyaka ko ƙarshen abu, "con" kuma na nufin tare. Da aka haɗa su aka sami "confinis", wato wanda iyakarsa ta haɗu da taka, maƙwabcin gona. Wurin da iyakokin biyu suka haɗu shi ne "confinium". Rumawa ba su ɗauki iyakar gona da wasa ba. Tsohuwar dokarsu ta bar tazarar ƙafa biyar tsakanin gona da gona, wadda babu mai iya mallake ta don ya daɗe yana amfani da ita, saboda kowa ya sami hanyar shiga da wurin juya garma. Har abin bauta suka ware wa duwatsun iyaka, suna kiransa Terminus. Kowace shekara ranar 23 ga Fabrairu masu gonakin da suka yi iyaka da juna sukan haɗu a gindin dutsen, kowa ya yi wa ɓangarensa ado da furanni, a yi yanka, a ci abinci tare. Kenan farkon rayuwar kalmar ta zumunci ce: ni da kai layi ɗaya ya raba mu, layin nan kuma namu ne mu biyu.

Daga wannan "finis" ɗin ne Ingilishi ya sami dangi da yawa da ba a cika lura 'yan gida ɗaya ba ne. Akwai "finish" da "final", waɗanda kowa ya san ƙarshe suke nufi. Akwai "define", wato zana wa ma'ana iyaka. Har "fine" da ake nufin tara da ita daga nan take, domin asalinta kuɗin da ake biya ne shari'a ta zo ƙarshe, "finance" ma ta faro ne daga biyan bashi a kashe magana.

Ta hanyar Faransanci kalmar ta shiga Ingilishi, kamar dubban kalmomin shari'a da mulki. Wajen shekarar 1400 an riga an fara rubuta "confines" da ma'anar iyakoki ko yankunan bakin iyaka. A farkon ƙarni na 16 aka fara amfani da "confine" a matsayin aikatau, kuma a lokacin ma'anarta ita ce yin iyaka da wani: ƙasa kaza ta yi iyaka da ƙasa kaza. Sai a ƙarshen wannan ƙarnin ma'anar da muka sani yau ta bayyana, ta hana mutum ƙetare wani layi. Sunan aikin, "confinement", ya biyo baya a ƙarni na 17. Tsohuwar ma'anar maƙwabtaka ta mutu a Ingilishi, sai ɗan burbushinta a maganganu irin su "within the confines of the law", wato cikin da'irar da doka ta shata.

To yaya layin da ke tsakanin maƙwabta ya zama hukunci? Gadar da ta haɗa ma'anonin biyu ita ce al'adar tura mutum gudun hijira na dole. Masu mulkin biranen Turai, musamman a Italiya, idan suka so raba ɗan adawa da jama'arsa ba tare da sun kashe shi ko sun jefa shi kurkuku ba, sai su zaɓar masa wani gari, sau da yawa can gefen ƙasa, su ce nan za ka zauna, kada ka kuskura ka ƙetare iyakarsa. An kai shi bakin iyaka, an kuma shata masa iyaka. A nan kalmar ta juya baya.

Italiyanci ya riƙe wannan ma'ana da kalmar "confino", kuma Musolini, mai mulkin kama-karya na Italiya, ya raya ta sosai. Dokar tsaro ta Nuwamba 1926 ta ba wani kwamitin jami'an lardi ikon tura mutum zaman dole har na shekara biyar ba tare da an gurfanar da shi gaban alƙali ba. Aka riƙa kwashe 'yan adawa zuwa ƙananan tsibirai irin su Ustica da Lipari da Ponza da Ventotene, wasu kuma ƙauyukan kudancin ƙasar da ko hanyar kirki babu. Mutum yana yawo a gari, yana iya kama hayar ɗaki, yana iya sayen burodinsa, amma dole ya amsa kiran suna wurin 'yan sanda, dole ya shige gida idan lokacin da aka yanka ya yi, kuma wasiƙunsa sai an buɗe an karanta. Antonio Gramsci, jagoran 'yan kwaminis na Italiya, ya ɗanɗani zaman Ustica a ƙarshen 1926 kafin a mayar da shi kurkuku na sosai. A Ventotene kuma, cikin 1941, wasu 'yan adawa da aka tura can, Altiero Spinelli da Ernesto Rossi, suka rubuta takardar da ta yi kiran a haɗe ƙasashen Turai ƙarƙashin tarayya ɗaya, aka fitar da ita daga tsibirin a ɓoye.

Bahaushe ba baƙon wannan hukunci ba ne. Turawan mulkin mallaka sun kama Sarkin Kano Alu a 1903, suka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya zauna har ya rasu a 1926, kuma ba shi kaɗai ba ne cikin sarakunan Arewa da suka ƙare rayuwarsu a can. Bayan samun 'yanci ma ba a daina ba: an kai Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya Azare a 1963, an kai jikansa Muhammadu Sanusi na biyu Loko sannan Awe a jihar Nasarawa a Maris 2020, kafin kotun tarayya a Abuja ta ba da umarnin a sake shi bayan kwana huɗu. Hausa tana da sunan da ya dace da wannan fiye da kowace fassara: ɗaurin talala. Dabbar da aka yi wa talala tana kiwo, tana kai da komo, har ta manta da igiya, sai ta nufi nesa ta ji an fizgo ta. A ganina, duk wanda yake son ya kama ainihin kalmar Turancin nan, ya fara daga talala kafin ya je ga kulle.

Lauyoyi ne suka fi kowa tsayawa a kan batun layin. Kundin hukunta laifuka na Arewacin Najeriya, wanda ya fara aiki a 1960, an gina shi ne a kan na Sudan, shi kuma na Sudan a kan na Indiya na 1860. Dukkansu sun raba laifuka biyu da mai kallo daga nesa zai ce ɗaya ne. Na farko "wrongful restraint", wato ka tare wa mutum hanyar da yake da haƙƙin bi. Na biyu "wrongful confinement", wato ka kewaye shi ta yadda ba zai iya wuce wata da'ira ba ta kowace fuska. A tsohon kundin Indiya sassa na 339 da 340 ne suka yi wannan bayani, kuma hukuncin na biyu ya fi tsanani. Idan ka tsaya a bakin lungu ka hana mutum shiga, amma yana iya juyawa ya bi wata hanya, na farko ka aikata. Idan ka ajiye shi a fili tsakar rana ka sa ƙarti huɗu suka tsaya masa ta kowane gefe, ka aikata na biyu, ko da babu bango ko ƙofa a wurin.

Akwai wata tsohuwar shari'a a Ingila da ake koya wa ɗaliban lauya a kan wannan, ta Bird da Jones a 1845. Ana tseren kwale-kwale a kogin Thames, sai aka killace wani ɓangare na hanyar ƙafa a kan gadar Hammersmith aka jera kujeru don 'yan kallo masu biyan kuɗi. Bird ya ce shi fa hanyar jama'a ce, ta nan zai bi. Ya haura shingen, aka sa 'yan sanda biyu suka tsaya a gabansa, suka ce gaba dai ba ya wucewa, amma yana iya komawa ya bi ta ɗaya gefen gadar. Ya ƙi, ya tsaya cak na wani lokaci, daga baya ya kai ƙara cewa an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba. Mafi rinjayen alƙalan suka ce ba a tsare shi ba, tunda hanyar baya a buɗe take. Babban alƙalin, Lord Denman, bai yarda da su ba, yana ganin wanda aka hana shi zuwa inda yake da haƙƙin zuwa an riga an taɓa 'yancinsa. Ra'ayin masu rinjaye ne ya zama doka, kuma har yau shi ne ma'aunin: sai layin ya zagaye mutum ya haɗe.

Inda kalmar ta fi nauyi a yau shi ne "solitary confinement", keɓe fursuna shi kaɗai. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, masu neman sassauci ne suka ƙirƙiro shi. A ƙarshen ƙarni na 18 wasu masu son gyara a birnin Filadalfiya na Amurka, cikinsu har da mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker, suka ga cewa bulala da cakuɗa ɓarawon kaza da mai kisan kai a ɗaki ɗaya ba sa shiryar da kowa. Suka ce a bar mai laifi shi da lamirinsa, zai tuba. A 1829 aka buɗe gidan yarin Eastern State a kan wannan tunani. Kowane fursuna da ɗakinsa, da ɗan ƙaramin fili mai doguwar katanga a bayansa, haske na shigowa ta wata 'yar taga a rufi. Ta ƙaramar kafa ake miƙo abinci. Idan za a fitar da shi sai an rufa masa buhu a kai don kada ya ga fuskar kowa, masu gadi kuma suna ɗora safa a kan takalmansu don kada a ji takunsu. Littafin Baibul da sana'ar hannu, kamar saƙa ko ɗinkin takalmi, su ne abokan zamansa na shekaru.

Tubar da aka yi tsammani ba ta zo ba, hauka ce ta zo. A 1890 Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta rubuta a wani hukunci cewa da yawa daga waɗanda aka yi wa wannan ɗauri sun zautu, wasu sun kashe kansu, waɗanda suka jure ma ba su fito da hankalin da zai amfani kowa ba. Eastern State ta watsar da tsarin a hukumance a 1913. Amma bai mutu ba, ya dawo ne a matsayin horo a cikin horo. Albert Woodfox ya shafe sama da shekara 43 a keɓe a gidajen yarin jihar Luwiziyana, mafi yawansu a kurkukun da ake kira Angola, awa 23 a kowace rana cikin ɗakin da bai wuce ƙafa shida da tara ba, sai a Fabrairu 2016 aka sake shi. A Disamba 2015 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idojin kula da fursunoni da aka raɗa wa sunan Nelson Mandela, kuma a ciki aka ba kalmar ma'ana da lissafi: keɓe mutum awa 22 ko fiye a rana ba tare da wata hulɗa ta gaske da ɗan Adam ba. Idan ya wuce kwana 15 a jere, ƙa'idojin sun haramta shi. Ko ƙasashe suna bi, wannan wata magana ce.

Sai batun haihuwa. A Ingila ta da, matar babban gida idan cikinta ya tsufa takan shige ɗaki tun kafin naƙuda, matan sarauta ma kusan wata guda kafin lokaci. A rufe tagogi da labule masu kauri, a hura wuta, namiji ba ya shiga. Bayan ta haihu takan ci gaba da zama har wajen kwana 40, sannan ta je coci a yi mata addu'ar fita. Sunan wannan zama a da shi ne "lying-in", shi ya sa asibitocin haihuwa na farko, kamar wanda aka kafa a Dublin a 1745, da wannan suna aka san su. Daga wajen shekarun 1770 sai masu jin kunyar ambaton ciki da naƙuda a bainar jama'a suka koma cewa "confinement", kamar dai yadda mu ma mukan ce ta sauka, ko tana da juna biyu. Sakayawar ta bi ta shige littattafan likitoci da dokokin aiki, daga nan ta bi Turawan mulki zuwa ƙasashen da suka mallaka. Tsofaffin katunan awo suna ɗauke da haruffan EDC, ranar da ake sa ran "confinement", kafin a mayar da su EDD, ranar da ake sa ran haihuwa. A Ingila kanta yau da wuya ka ji wata mai ciki ta furta kalmar, sai a takardun doka.

A Singafo da Malesiya kuwa tana nan da ranta, amma ta koma nufin abin da ke biyo bayan haihuwa. Sinawan can suna da al'adar zaman wata guda, ba fita, ba shan ruwan sanyi, abinci mai citta da man riɗi, wasu ma ba sa wanke kai sai wata ya cika. Malayawa nasu yakan kai kwana 40 ko 44. Har sana'a ce: ana ɗaukar "confinement nanny", mace mai zuwa ta tare a gida tana dafa wa uwa abinci tana kula da jariri. Mai fassara ya ci karo da wannan, jego ne kawai, da wankansa da kunun kanwarsa da fitar arba'in. Idan ya rubuta "tsarewa" a nan ya ɓata magana.

A maganar yau da kullum kalmar ba ta da wahalar sarrafawa, kusan kullum tana tafiya da "to". Mara lafiyar da ya kasa tashi "confined to bed" ne. Sojan da aka hana fita bariki don horo "confined to barracks" ne. Shugaban taro ya ce maka "confine yourself to the question", yana nufin ka tsaya a kan abin da aka tambaye ka, kada ka yi ta kewaye-kewaye. Likita ya ce cutar tana "confined" a huhu, albishir ne, ba ta yaɗu ba. Wajen furuci, idan aikatau ce ana danna gaɓar ƙarshe, kon-FAIN, idan sunan iyakoki ne ana danna ta farko, KON-fains. Akwai guda ɗaya da ya kamata mai rubutu ya guje wa, wato "confined to a wheelchair". Masu amfani da keken guragu sun daɗe suna cewa keken shi ne ke fitar da su daga ɗaki, don haka kiransa abin tsarewa juya gaskiya ne, kuma ina ganin suna da hujja. Yawancin kafofin labarai yanzu "wheelchair user" suke rubutawa.

Wanda ya fi shafar rai shi ne "confined space" na masu kula da lafiyar ma'aikata. Ba ƙanƙantar wuri ake nufi ba, domin tankin mai na iya fin ɗaki girma. Ana nufin wurin da shiga da fitarsa ke da wuya, iska kuma ba ta zagayawa: rijiya, ramin masai, tanki, rumbun hatsi na ƙarfe, cikin jirgin ruwa. Iskar da muke shaƙa tana da kusan kashi 21 cikin 100 na oksijin, kuma dokar Amurka ta ce idan ya sauka ƙasa da 19.5 wurin ya zama haɗari. A ramin masai akwai ƙarin wata iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda idan ta yi yawa takan kashe jin warin kansa, mutum ya ɗauka ta tafi. Shi ya sa labarin masu yasar rijiya yakan zo iri ɗaya: na farko ya shiga ya yi shiru, na biyu ya bi shi don ceto, shi ma ya yi shiru. Masana kimiyyar fiziks ma sun ari kalmar, suna kiran riƙe iskar gas mai zafin sama da digiri miliyan 100 da ƙarfin maganaɗisu, ba tare da ta taɓa bangon injin ba, "magnetic confinement". A kan wannan dabara ake gina ITER, wani injin gwajin samar da makamashi, a kudancin Faransa.

Da korona ta zo a 2020, an sami wani abin dariya tsakanin harsunan biyu. Faransanci, wanda ya ba Ingilishi aron kalmar, ya ɗauko abarsa ya yi aiki da ita: daga tsakar ranar 17 ga Maris zuwa 11 ga Mayu Faransa tana cikin "confinement", mai fita sai da takardar shaidar dalili, motsa jiki awa ɗaya cikin kilomita ɗaya daga gida, wanda ya saɓa tarar Yuro 135. Layi ne aka zana wa kowa a kewayen gidansa. Ingilishi kuwa ya tsallake kalmar da yake da ita tun ƙarni huɗu, ya ɗauko "lockdown", wadda ta yi ƙarfi a bakin ma'aikatan gidajen yarin Amurka a shekarun 1970 da ma'anar rufe kowane fursuna a ɗakinsa idan rikici ya tashi. Ƙamus ɗin Collins ya zaɓe ta kalmar shekarar.

Wannan ya sa Hausawan gefe biyu na iyaka suka riƙa jin kalmomi daban a kan abu ɗaya. Ɗan boko a Maraɗi ko Yamai, inda aka rufe hanyoyin shiga da fita babban birnin aka kuma sa dokar hana fitar dare a ƙarshen Maris, "confinement" yake karantawa. Takwaransa na Kano, inda gwamnatin jiha ta rufe gari daga 16 ga Afrilu, gwamnatin tarayya kuma ta ƙara nata makonni biyu a ƙarshen watan, "lockdown" yake ji. Gidajen rediyon Hausa ba su ari ko ɗaya ba. Suka ce dokar kulle, kalmar da a da in an faɗe ta matan aure ake tunawa, suka bar "killacewa" ga wanda ake zargin ya kamu. Da aka fara buɗe gari, Faransawa suka yi ta cewa "déconfinement", Ingilishi ya rasa kalma guda da zai faɗa, a Kano kuma aka ce an sassauta dokar kulle ranakun Litinin da Alhamis, a fita a sayo abinci.